Gidan haya a Ohio, kai kana Niyok: abin da za ka bincika kafin ka sa hannu

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ina zaune a Bronx ta birnin Niyok, ina sana'ar tuƙi, na ɗan tara abin da Allah ya hore. Wani kamfani ya tallata mini gida a Cleveland ta jihar Ohio kan dala 110,000. Sun ce sun gyara shi tsaf, akwai ɗan haya a ciki yana biyan dala 1,150 a wata, kuma su za su ci gaba da kula da shi, ni dai in zauna kuɗi su riƙa shigowa. Sun ce in tura kafin alƙalami na dala 5,000 cikin mako guda. Ban taɓa zuwa garin ba. Me doka ta ce?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a nema. Wannan ciniki halas ne a dokar Amurka, kuma akwai kamfanoni masu gaskiya da ke yin sa a Cleveland da Memphis da Indianapolis, inda gidaje suke da araha. Amma dubi tsarin da kyau. Wanda ya sayi gidan shi ya gyara, shi ya yanka farashi, shi ya sa ɗan haya, shi zai karɓi kuɗin haya ya aiko maka rahoto. Duk abin da ka sani game da gidan daga bakinsa ka ji. Ranar da aka rubuta sunanka a rajistar gundumar Cuyahoga, inda Cleveland take, kuwa, kai hukuma ta sani, kai kotu za ta kira. Saboda haka duk wani bincike, wanda ka ɗauka da kanka, ka biya da aljihunka, shi zai yi shi.

A 2019 babban lauyan jihar Indiana ya shigar da ƙara kan wasu masu tallata irin waɗannan gidaje a Indianapolis, bisa zargin sun sayar wa mutanen nesa gidajen da ba a gyara ba, wasu ma babu kowa a ciki. Masu saye da yawa sai da takardun tara suka fara zuwa daga hukumar birni sannan suka gane.

Fara da kuɗin nan 5,000. Kada su shiga asusun kamfanin. Wurinsu hannun kamfanin tantance mallaka, wanda zai riƙe su amana har a kammala, kuma kana da damar neman kai za ka zaɓe shi. Yarjejeniyar ta faɗa a rubuce cewa za a mayar maka da kuɗinka idan duban gini ya fito da matsala, ko mai ƙiyasta daraja ya ce gidan bai kai farashin ba, ko aka sami tangarɗa a mallaka, ko banki ya ƙi ba da rance. In babu waɗannan sharuɗɗa kuma ka fasa cinikin, kuɗinka sun tafi. Ranar tura kuɗi kuma ka kira lambar da ka riga ka sani ka tabbatar da asusun, domin 'yan damfara na aiko saƙon imel da lambar asusun bogi daf da kammala ciniki.

Sai takardar mallaka, kuma nan nake so ka fi natsuwa. Akwai wadda mai sayarwa ke lamunce maka cewa gidan ba shi da wata rigima tun asalinsa. Akwai wadda lamuninsa ya tsaya kan lokacin da gidan ke hannunsa kawai. Akwai ta uku wadda ba ta da lamuni ko kaɗan, cewa kawai yake ya sallama maka duk abin da yake da shi a gidan, in ma yana da wani abu. Kada ka karɓi ta ukun a cinikin kuɗi. Gidajen nan galibi an saye su ne a gwanjon bashi ko na haraji, tarihinsu na da ƙura. Ka sayi inshorar mallaka da sunanka. Inshorar da banki zai sa ka biya, bankin take karewa, ba kai ba. Wani abin da ke cin mutane: a Ohio, mai aikin da ba a biya shi ba yana iya rataya bashinsa a kan gidan cikin kwana 60 daga aikinsa na ƙarshe. Gidan da aka gama gyarawa makon jiya yana cikin wannan wa'adi. Ka nemi takardar kowane ɗan kwangila cewa an sallame shi, da izinin aikin da birni ya bayar na wuta da ruwa da rufi.

Ka sa mai duba gini ya sauka ƙasan gida ya ga ko ruwa na kwanciya, ya zura kyamara a bututun bahaya har zuwa titi, ya karanta shekarar da ke jikin injin ɗumama gida. Sabon fenti da sabon daɓe ba sa gaya maka komai game da waɗannan. In da hali ka je da kanka, tafiyar yini ɗaya ce a mota daga Niyok. Ka zagaya layin da rana, ka koma da dare.

Yawancin gidajen Cleveland sun girmi 1978, shekarar da aka hana fenti mai dalma a gidaje. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba. Dokar tarayya ta tilasta mai sayarwa ya bayyana abin da ya sani, ta ba ka kwana 10 ka bincika, kai ma dole ka sanar da ɗan hayarka. Birnin ya ƙara nasa tun 2019: gidan haya irin wannan sai da shaidar cewa ba shi da haɗarin dalma. Dole kuma ka yi rajistar gidan, kuma tun 2024 mai gidan da ke nesa sai ya naɗa wakili, mutum takamaimai mazaunin yankin. Birnin yana da kotun gidaje ta musamman, wadda ke iya tuhumar mai gida da laifi kan gini da aka bari ya lalace.

Ɗan hayar da ke ciki, ka gaje shi da yarjejeniyarsa. Karanta ta, ka nemi shaidar banki ta watannin da ya biya, ka sa ya sa hannu a takardar da ke faɗin nawa yake biya da nawa ya ajiye. Kuɗin ajiyar nan a miƙa maka su ranar kammalawa, domin a Ohio kwana 30 gare ka ka mayar bayan ya tashi, in ka riƙe ba bisa ƙa'ida ba kotu na iya ninka maka. In ya daina biya, ba ka da ikon canza kwaɗo ko yanke ruwa. Sanarwar kwana 3, sannan kotu.

Akwai maganar da 'yan'uwa ke yawan yi mini, wai a sa musu Musulmi kawai, ko kada a sa mai yara. Dokar daidaito a gidaje ta 1968, da gyare-gyarenta, ta hana bambanci kan addini, launi, asali, jinsi, iyali ko naƙasa, kuma abin da wakilinka ya yi ana iya kama ka da shi.

Yarjejeniyar kula da gida daban take da ta saye, kada a haɗa maka su. Duba yadda za ka sallame su in ba ka gamsu ba, da iyakar abin da za su kashe ba da izininka ba. Alkawarin “haya tabbas na shekara guda” sau da yawa a cikin farashin gidan aka cusa shi.

Game da buɗe kamfanin LLC, wato kamfanin da za ka yi wa rajista ya mallaki gidan a madadinka, yana iya raba dukiyarka da rigimar gidan, amma bai maye gurbin inshora ba. In ka buɗe shi a jihar Wyoming saboda talla, sai ka sake masa rajista a Ohio. In kuma da sunanka ka ci rance, mayar da gidan sunan kamfani na iya ba banki damar neman kuɗinsa gaba ɗaya. Kada kowa ya sa ka rubuta cewa kai za ka zauna a gidan don samun sauƙin rance. Laifi ne na tarayya mai ɗauri. Za ka cike takardar haraji a Ohio da Niyok, kuma doka ta ba ka rangwamen haraji na tsufan gini cikin shekara 27.5, sai ka sami akanta.

Kada ka manta da gado. Ƙasa da gini dokar jihar da suke ciki ke raba su. In ka rasu ba wasiyya, dokar Ohio ce za ta raba gidan, ba rabon Musulunci ba, iyalinka kuma sai sun buɗe shari'a ta biyu a can. Wasiyya ingantacciya ko amanar dukiya tana gyara wannan.

A makon nan, rubuta musu ka nemi yarjejeniyar saye, ta haya da ta kula da gida, ka kai wa lauya mai lasisin Ohio, domin bayanina na gaba ɗaya ne, shi zai ga takardunka. In suka ƙi ba ka takardun kafin kuɗi, ko suka hana mai dubanka shiga, ka bar gidan.