Wane cok za a ɗaura wa mai harbin kurciya?

Ka ce, "Maigida, mutumin nan da ya kawo bindiga mai baki biyu da akwatin cok yana son a ɗaura masa wanda ya fi kowanne tsukewa, wai don kurciya ƙarama ce. In ɗaura?" A'a, ajiye makullin tukuna, jawo benci.

Cok ɗan tsukewa ne a ƙarshen bakin bindiga, shi ke hana ƙwayoyin dalma watsewa da wuri. Bindiga mai lamba 12 faɗin cikinta wajen milimita 18 da rabi ne. Cok ɗin kwata yana rage kamar kwatan milimita, na rabi ya rage rabi, ful kuwa kusan milimita guda. Ɗan wannan abin da ido ba ya gani shi ya fito da sunan W. W. Greener, maƙerin bindiga na Birmingham, a gwajin da aka yi a Ingila a 1875. Juyo wancan cok ɗin ka dubi bakinsa. Galibi tsaga ɗaya ful ne, uku rabi, huɗu kwata.

Yadda ake auna su kuwa, a zana da'ira mai faɗin inci 30 a takarda, a harba daga yadi 40, a ƙirga hudojin da suka faɗa ciki. Kwata na zuba wajen kashi 50 cikin ɗari, rabi 60, ful 70. Abokin cinikinka ya ji 70 sai ya ɗauka ya fi. Ai a yadi 40 aka yi wannan lissafi, shi kuwa a ina yake harbi? Abin da ya kamata ka fara tambayarsa ke nan.

In a gindin bishiya yake zama bakin tafki da la'asar sakaliya, ko a gona bayan an girbe gero, kurciya tana gittawa ne tsakanin yadi 20 zuwa 30. A yadi 20, ƙwayoyin ful ba su gama buɗewa ba, faɗinsu bai fi faifai da wani abin kirki ba. Ga kurciya ba ta tashi a miƙe, tana kaucewa, ta yi ƙasa, ta karkace. Ya kuskure da taƙi guda, ta tafi. In kuma ya dace ya same ta a tsakiya, sai ya je ya tsinto gashi da ƙashi, uwargida ta rasa abin sa wa a miya. Na sha ganin masu irin wannan suna dawowa suna cewa bindiga ta karkace, alhali lafiyarta ƙalau.

Don haka, yarona, tun da baki biyu ce, sa kwata a bakin da yake fara harbi da shi, rabi a ɗayan, domin kafin harbi na biyu tsuntsuwa ta riga ta yi nisa. Da baki ɗaya ce, sai in ce kwata ga mai zaman bakin ruwa, rabi ga mai taron masu wucewa sama. Ful na gwani ne mai harbin hasbiya can ƙololuwa, yadi 40 ko fiye.

Ka gaya masa ya nemi harsashi mai lamba 7 da rabi ko 8, wato lambar girman ƙwayoyin da ke cikinsa. Giram 28 na lamba 8 ya ƙunshi ƙwaya wajen 400, sun isa su toshe gurbin da kurciya za ta bi ta sulale. In na ƙarfe ne ba dalma ba, kada ya kuskura ya bi da shi ta ful. Ƙarfe ba ya lotsawa, yana iya kumbura bakin.

Yanzu tashi. Ka ga lasisinsa? To. Karya bindigar ka leƙa, ka tabbata babu komai ciki kafin yatsanka ya je bakin. Dubi zaren da ake murɗa cok ɗin a kai da kyau, don na bindigar kamfanin Beretta dabam, na Browning dabam, kada ka tilasta wanda ya ƙi shiga. Goge, shafa ɗan giris, ɗaure da makulli daidai ƙarfin hannu. Ka ja masa kunne kada ya taɓa harbi babu cok a ciki, zaren ne zai lalace. Gobe da safe ka tanadi takardun siminti guda huɗu, mu fita bayan gari inda gangaren nan yake, ya harba daga yadi 25 da ful, ya sake da kwata, ya ƙirga da hannunsa.