Finafinan tsoro na 'yan Furitan: tarihi ne ko ƙage?

Malam, tambayarka ita ce ko waɗannan ƙananan finafinan tsoro na 'yan Furitan suna da tushe a tarihi, kuma me ya sa ba a cika nuna mayyar ba.

Suna da tushe. Furitan Kiristoci ne masu tsananin riƙo da addini da suka baro Ingila suka zauna a Massachusetts, a Amurka ta yau, wajen 1630, kuma sun yarda da maita sosai. A garin Salem na Massachusetts, a 1692, an rataye mutum 19 bisa zargin maita, aka danne dattijo Giles Corey da duwatsu har ya mutu.

Ɓoye mayyar kuwa, ƙarancin kuɗin shirya fim ne ya zama alheri. Gida ɗaya a bakin daji, hasken kyandir, nonon saniya ya ƙafe, yaro na fama da zazzaɓi, sai maƙwabci ya fara yi wa maƙwabciyarsa wani irin kallo. Wallahi wannan ya fi dodon kwamfuta girgiza ni.

Kada dai ka ɗauka ƙona waɗanda aka zarga da maita aka yi; ba a ƙone kowa a Salem ba. Idan rubutu za ka yi, takardun shari'ar suna shafin intanet na Jami'ar Virginia, amma nemi malamin tarihi ya fassara maka tsohon Turancinsu.