Na yi kanti, na yi 'yar sanda, na yi jinya: zan iya mayar da sulhu sana'a?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Shekarata 45, ina zaune a Gwammaja. Da na gama sakandare na yi shekara 3 ina tsare wa yayana kanti a kasuwar Sabon Gari. Daga nan na shiga aikin ɗan sanda, na yi shekara 7, na ajiye ina kofur. Na tafi makarantar koyon jinya shekara 3, na kuma yi shekara 10 a wani asibitin kuɗi, har aikin dare ya gagare ni saboda yara. Yau shekara 4 ke nan ina da shagon atamfa da leshi a bakin layinmu. Shagon nan ya zama kamar zaure: rigimar kishiyoyi, ta adashi, ta 'yan haya, duk wurina ake kawowa. Ina son in mayar da abin sana'a ta gaske, amma wata ƙawata ta ce duk wanda ya ga takarduna zai ce ba ni da alƙibla, kuma wai sulhu aikin lauyoyi da malamai ne. Yawon aikin da na yi zai amfane ni ko zai cuce ni? Ta ina zan fara?

Wata 'yar'uwa daga Gwammaja, Kano

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Maganar ƙawarki ta biyu ita ce mai sauƙi, bari mu fara kawar da ita. Sulhu ba gadon lauyoyi ba ne. A garin nan, tun kafin takarda ta kai gaban alƙali, rigima ta riga ta bi ta hannun dattawan gida, mai unguwa, dagaci, limamin masallaci ko shugabannin kasuwa, kuma yawancinta a nan take mutuwa. Hukumar Hisbah, wadda doka ta kafa a 2003, kullum cikin sasanta ma'aurata da 'yan bashi take. Babbar Kotun Jihar Kano ma tana da sashen sulhu nata tun 2009, irin wanda Legas ta fara buɗewa a 2002, ana ce masa kotu mai ƙofofi da yawa, domin mai ƙara yana iya zaɓar ƙofar sasantawa maimakon ta shari'a. Ba sai kin sa baƙar riga da hular gashi za ki zauna tsakanin mutum biyu ba.

Takardunki kuwa ba su ne abin da nake ji miki tsoro ba. Abin da nake ji miki tsoro shi ne sabo. Sana'o'in nan uku kowacce ta koya miki yanke wa mutane magana: 'yar sanda ta ce kai ne mai laifi, nas ta ce sha wannan, mai kanti ta ce kuɗinsa kaza. Sulhu kuwa shi ne aikin da ba a yarje miki ki yanke komai ba. Masu rigimar ne za su haifi maslahar da kansu, ke ungozoma ce kurum. Na ga tsofaffin jami'ai da dama sun shigo harkar nan da ƙwarewa mai yawa, sabon nan ya kayar da su.

Ɗauki aikin ɗan sanda. Wanda ya yi shekara 7 a bayan kanta, tambayar farko da take zuwa bakinsa ita ce: wa ya fara? A caji ofis tambaya ce mai kyau, don can akwai mai ƙara da wanda ake ƙara. A zauren sulhu kuwa, da zarar kin yi ta kin mayar da ɗaya mai laifi, daga nan kare kansa zai dinga yi, ba zai ƙara jin komai ba. Ki maye gurbinta da: me kike so ya kasance daga yau? Ki kuma bincika a ranki ko wasu suna kawo miki ƙara ne don har yanzu ana ce miki Kofur a unguwa. Idan tsoron tsohon kakinki ne ya sa mace ta ce ta yarda, yardar ba za ta kwana biyu ba. Wannan ya kai mu ga kuskuren da na fi gani: a kira tsohon abokin aiki ya je ya ɗan tsorata wanda ya ƙi biya. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta faɗa ƙarara cewa ba a kama mutum don bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Ranar da aka ji kin tura wa wani 'yan sanda a kan kuɗin haya, ranar kika daina zama 'yar tsakiya.

Amma kakin ya bar miki abubuwa masu tsada. Kin san bambancin "na gani" da "an ce". Kin saba rubuta rana da lokaci. Ihu da zage-zage ba sa firgita ki. Mafi muhimmanci, kin san inda saɓani ya ƙare laifi ya fara: wadda ta makara da zubin adashi daban, uwar adashin da ta kwashe kuɗin mutane ta ɓace daban, wannan cin amana ne, kuma doka tana da wurin ajiye shi.

Jinya ce babban jarinki, a ganina, kuma ita ƙawarki ba ta lissafa ba. Shekara 10 kina karɓar mutane a ranar da ta fi kowacce muni a rayuwarsu. Kin koyi duban mutum kafin ya buɗe baki. Mace za ta zo tana ƙorafin kuɗin cefane, ke kuwa idonki ya riga ya ga yadda take kare gefen haƙarƙarinta. Wata za a ce ta canza hali tun da ta haihu, ba ta wanka, ba ta kula jariri, miji da uwar miji sun gaji. Lauya zai ji rashin tarbiyya, ke za ki tuna akwai ciwon damuwa da ke kama mai jego, kuma asibiti take buƙata kafin nasiha. Haka yaron da ake ta faɗa a kansa ana cewa taurin kai ne, alhali ƙwaya ce. Ga riƙe sirri, wanda aka horar da ke a kansa tun kina ɗaliba. Akwai maganar da mace ba za ta taɓa iya faɗa a gaban mai unguwa ko limami ba, ko da ita ce tushen rigimar gaba ɗaya, amma za ta faɗa wa malamar asibiti cikin minti biyar.

Cutar jinya ita ce gaggawar ba da magani. Farasitamol ɗin masu sulhu a Kano kuwa shi ne "ki yi haƙuri". Yana saukar da zazzaɓi, kowa ya tashi yana godiya, ciwon yana nan, bayan wata ɗaya a dawo da abin da ya fi na farko. Haƙuri ibada ne, ban musa ba, amma idan shi kaɗai aka tashi da shi, kuma kullum ɓangare guda ake ɗora wa, ba a yi sulhu ba, danne mai rauni aka yi. Ki kuma lura da zuciyarki: nas ta saba tsayawa a gefen mai kuka. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, gaskiya, amma mijin da ya shigo ya tarar kin riga kin dafa kafaɗar matarsa ya gama yanke cewa an haɗa masa kai.

Sai kasuwa. Ɗan kasuwa ya yi imani kowace gardama tana da tsakiya: an yi suna, an taya, an ce albarka, a ƙarshe a raba a sallama. Na taɓa zama a kan maganar wani ubangida da yaron shagonsa da ya yi masa shekara 9 yana jiran sallama. Yaro yana neman naira miliyan 3, ubangida ya tsaya a miliyan 1. Dattawan layinsu sun zauna sau biyu suna cewa a yi miliyan 2, kowa ya ƙi. Da na keɓe da yaron, sai ya ce shi ba kuɗin ne ke hana shi barci ba, ubangidan ya kira shi ɓarawo a gaban 'yan layi ranar da aka yi lissafi, kuma ba mai ba shi kaya bashi tun daga ranar. Da na keɓe da ubangidan, sai ga shi tsoronsa kada yaron ya buɗe shago kusa da shi ya kwashe masa abokan ciniki. Abin da aka tashi a kai: ubangida ya wanke shi a gaban mutanen da ya faɗi maganar, ya tsaya masa wurin dilolin da yake sarin kaya, yaro kuma ya kama shago a wani layin. Kuɗin da ya karɓa bai kai wanda dattawa suka yanka ba, ya kuma tafi yana murna. Rabawa biyu tana da asali, don a hadisi Manzon Allah (SAW) ya yi wa Ka'abu bn Malik nuni da ya yafe rabin bashin da yake bin Ibn Abi Hadrad, amma a lura: mai bashin ne ya yarda da kansa, aka kuma ce wa ɗayan ya tashi ya biya nan take. Abin da kasuwa ta ba ki shi ne sanin lissafi da sanin abin da zai yiwu. Ke kin san alƙawarin "zan biya duka ƙarshen wata" daga mai sayar da atamfa bayan Sallah ta wuce, iska ne. Ki tsara biya kashi-kashi daidai da yadda kuɗi ke shigo masa.

Akwai abin da ba za ki taɓa ba ko an roƙe ki. Fyaɗe, musamman na yara, da kisa, da fashi, da dukan da ya raunata mutum, waɗannan na hukuma ne, kuma "a rufa asiri, 'yan'uwa ne" ba hujja ba ce. Ƙa'idar da malamai ke kafa sulhu a kanta ita ce ya halatta matuƙar bai halatta haram ko ya haramta halal ba. Don haka a gado, sai malami ko kotun shari'a ta fitar wa kowa kasonsa tukuna. Bayan mace ta san nata, in ta ga dama ta karɓi kuɗi ta bar wa 'yan'uwanta gidan. Kafin ta sani kuwa, duk yafiyar da aka sa ta yi ƙwace ce da sunan zumunci. A rigimar aure ma Alƙur'ani, a aya ta 35 ta Suratun Nisa'i, ya ce a tashi mai sasantawa daga danginsa da wani daga danginta, saboda haka kada ki tsallake waliyyai, ki jawo su ciki.

Ta ina za ki fara? Da horo. Cibiyar ICMC, wadda ke horar da masu sulhu tana ba su shaida a Najeriya, ba lauyoyi kaɗai take karɓa ba, kuma kwas ɗinta na farko gajere ne. Ki tuntuɓe su ki ji sharuɗɗan shiga. Da shaidar a hannu sai ki je sashen sulhu na Babbar Kotu ki nemi a sa ki cikin jerin masu sasantawa, ki roƙi a bar ki ki zauna kusa da gogaggu kina kallo kafin a ba ki naki. Ki nemi Dokar Sasanci da Sulhu ta 2023, wadda ta maye gurbin ta 1988, wani lauya ya bi miki ita. Abu biyu a cikinta sun shafe ki kai tsaye: abin da aka faɗa a zaman sulhu sirri ne, ba a ɗauka a kafa hujja da shi a kotu, sannan yarjejeniyar da aka rubuta aka sa hannu tana ɗaure ɓangarorin, ana iya kai ta kotu ta tilasta cika ta. Ke nan ki daina tashi da "to, Allah ya kiyaye gaba" kawai. A rubuta wa zai yi me, nawa, yaushe, a gaban wa, da harshen da su biyun suke ji.

Wajen rubuta tarihin aikinki, kada ki ɓoye ko ɗaya, kada kuma ki ba da haƙuri a kan ko ɗaya. A ƙarƙashin kowane aiki ki rubuta abin da ya shafi wanda kike nema: ɗaukar bayanin masu ƙara, kwantar da hankalin dangin majinyaci, bin bashi ba tare da an ɓata ba. Ki fara ajiye littafi na rigingimun da kike sasantawa, ba suna, sai iri da rana da yadda aka ƙare.

Batun kuɗi kuwa, gara in faɗa miki tun yanzu. Mutanenmu sun saba sulhu na "Allah ya saka da alheri" ne, wanda zai biya lauya ba gardama sai ya ji nauyin biyan mai sasantawa. Inda ake samun abin kirki shi ne rigimar 'yan kasuwa, ta filaye da ta haya, su kuma sai an san ki. Kada ki rufe shago. Kada ki bar lasisin jinyarki ya mutu, lokaci-lokaci ake sabunta shi a Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma bayan an yi kwas ɗin ƙarin sani, kuma shi ne takardar da ta fi kowacce nauyi a jakarki. Idan shekarunki na ɗan sanda sun shiga bayan gyaran dokar fansho na 2004, ko asibitin ya zuba miki wani abu, ki bi sawun asusunki, domin asusun na ma'aikaci ne, yana binsa duk inda ya koma.

Abu guda da za ki gyara tun makon nan shi ne wurin zaman. Shago ba ya riƙe sirri: ana tsakiyar maganar ɗaki wata za ta shigo taya leshi, gobe labari ya zaga Gwammaja, a ce daga bakinki ya fita. Ki ware ɗaki a gida ko ki ari aji a Islamiyyar unguwa, ki sa rana da lokaci. Idan kuma ɗaya daga cikin masu rigimar kina binta kuɗin atamfa, ko ita ce babbar mai yi miki ciniki, ki faɗa a gaban ɗayar tun kafin a zauna. In ta nuna ko ɗan ɗar, ki miƙa maganar ga wani.