Alhaji, ina littafinka? Amsa ga mai riɗin da ke jiran jarin Japan

Wani ɗan kasuwa daga Jigawa ya aiko mini da wannan tambaya: "Shekarata 14 ina sayen riɗi daga Maigatari zuwa Gumel, ina kai wa manyan dillalai a Dawanau. Jarina ya kai kamar naira miliyan 40, ban dai taɓa zama na lissafa ba, amma Alhamdulillahi ana samu. Ɗan baffana da ke Legas ya ce kamfanonin Japan na neman inda za su zuba jari a harkar riɗi. In na ba shi miliyan 6 na takardu da zirga-zirga, zai haɗa ni da su su kafa mini injin gyara. In sayar da filina in ba shi?"

Alhaji, kada ka sayar da filin. Babu kamfanin kirki da ke karɓar kuɗin haɗi kafin ya zuba jari, kuma ko ɗan baffan naka da zuciya ɗaya yake magana, miliyan shidan nan ba za su dawo ba. Wannan ta wuce.

Abin da ya tsaya mini a rai cikin wasiƙarka kalma ɗaya ce: "kamar". Shekara 14 kana cikin riɗi, amma jarinka kamar miliyan 40 ne. To miliyan 33 ne ko 47? Tan nawa ka saya bara? Nawa ya tafi a tsakuwa da ƙaiƙayi? Nawa dillalan Dawanau suka riƙe maka har yau? In ba ka da amsa a rubuce, ko gobe mutumin Japan ya yi sallama a ƙofar sitonka, zai sha ruwa ya yi godiya ya tafi.

Bari in gaya maka yadda kuɗin mutanen nan yake tafiya, don ka daina jiran sa kamar ruwan damina. A 1985 manyan ƙasashe suka yi yarjejeniyar Plaza a New York, darajar yen, kuɗin Japan, ta tashi. Dalar da ake canzarwa kusan yen 240 ta koma wajen 120 cikin shekara uku. Ƙera kaya a cikin Japan ya yi tsada, sai kamfanoninsu suka kwashi masana'antu zuwa Tailan, Malesiya da Indonesiya. Tailan ta zama cibiyar haɗa motoci a yankinta, mutane masu ɗimbin yawa suka samu aiki. Amma ka lura da wanda ya ci moriyar. Kamfanonin sun taho da abokan hulɗarsu na gida masu yi musu manyan sassa, zanen mota da sirrin injin kuma suka daɗe a hannunsu. 'Yan ƙasar da suka samu shiga su ne waɗanda suka iya kawo ƙarfe ko roba iri ɗaya, a ranar da aka ce, wata bayan wata, da takardar da ke nuna yadda aka yi kowane kashi. Saura kallo suka yi.

Labarin da na fi so in ba 'yan kasuwa na Indiya ne. A 1975 wani matashi da mahaifiyarsa suka buɗe ƙaramin kamfanin cinikin azurfa, suka sa masa suna Motherson, wato uwa da ɗa. Da Suzuki ya shiga Indiya aka fara motar Maruti a 1983, sai suka samu aikin haɗa wayoyin lantarkin motar. Sai a 1986, bayan an ga kamun ludayinsu, sannan Sumitomo na Japan ya haɗa jari da su. Yau suna cikin manyan masu ƙera sassan mota a duniya. Ciniki ne ya fara zuwa, aka gwada su, jari ya biyo baya. Kai kana so ka fara daga ƙarshe.

A nan gida ma kamfanonin Japan ba baƙi ba ne. Honda ya kafa kamfaninsa na Najeriya tun 1979, yana haɗa babura a Ota ta jihar Ogun. Masu farin magi, Ajinomoto, sun kafa kamfaninsu a Legas a 1991, suka bi kasuwa-kasuwa da ƙananan ƙulli har suka shiga tukunyar kowace uwargida a Arewa. Sai dai ba mu samu irin abin da Tailan ta samu ba, domin mafi yawan sassan a akwati suke zuwa, a ɗaure kawai. Rashin wuta na da laifi, canjin manufofin gwamnati na da laifi, amma mu ma ba mu tanadi masu kawo kaya da za a dogara da su ba. Batun dala biliyan 30 da Japan ta yi wa Afirka alkawari a taronta da ƙasashen Afirka, TICAD, na Tunis a 2022, wanda na tabbata da shi ake ruɗar ka, kuɗin gwamnati ne da na kamfanoni da rance, na nahiya guda, na shekara uku. Ba rabo ake yi ba.

Wataƙila ma ba ka sani ba, kuɗin Japan ya daɗe da taɓa riɗinka. Kusan duk riɗin da suke ci daga waje suke sayo shi, Najeriya kuma na cikin manyan masu sayar musu. A 2015 Mitsubishi ya sayi kashi 20 cikin 100 na Olam, ɗaya daga cikin manyan masu fitar da riɗinmu. Ka ga hanyar da suka zaɓa: sun sa kuɗinsu inda akwai littafin da za a buɗe a duba.

Kuma dubawar tasu ba wasa ba ce. Tun 2006 dokar abincinsu ta ce duk maganin ƙwarin da ba a yanka masa iyaka ta musamman ba, kada ragowarsa ta wuce kashi ɗaya cikin miliyan 100. A tirela mai tan 30, abin bai kai rabin giram ba. Na san wani bawan Allah da ya samu odar kwantena biyu ta hannun wani mai fitar da kaya. Riɗinsa fari tas, an bakace, an rairaye. Ashe wani yaronsa ya ga kyankyasai a sito ya yayyafa fiya-fiya a jikin bango, inda buhunan suke jingine. Gwaji ya kama. Aka tambaye shi wane kashi ne ya kwana a wane sito, daga wace kasuwa, a wace rana, ko a ware mai matsalar a ceci saura. Ya tsaya yana ƙirga da yatsu. Buhunan ba lamba, ba alama, duk an cakuɗa. Aka dawo masa da kayan gaba ɗaya, ya sayar da asara ga masu matsar mai, mai odar kuma bai sake ɗaga wayarsa ba. Na gan shi bayan wata biyu, ya rame har babbar rigarsa na yi masa yawa. Da littafin naira dubu ɗaya da alƙalamin rubutu a buhu, da rabin kayan ya tsira.

Ko ka manta da Japan, rashin rubutun nan na cin ka. A ce datti kashi 3 cikin 100 ne a riɗin da kake saya. Kilo 30 ke nan a kowane tan, kilo 900 a tirela guda. Ka buga da farashin yau, ka ninka da yawan lodin da kake yi a kaka. Wace kasuwa ce ta fi kawo maka yashi? Wane ɗan kamasho ne awonsa ke raguwa in an hau sikeli? Ba ka sani ba. Na kuma tabbata daga aljihun da kake biyan manoma kake cire kuɗin cefane da gudummawar biki, shi ya sa "ana samu" amma ba ka san nawa ba. Mutumin da bai san ribarsa ba shi ne ake iya ce masa ya kawo miliyan 6 ya ga kamar ba komai.

Ga abin da nake so ka yi kafin kaka. Ka ɗauki yaro mai ilimin lissafi, wanda ba ɗan gidanku ba, ka yanka masa albashi. Kowane saye a rubuta rana, kasuwa, sunan wanda ya sayo, nauyi kafin gyara da bayan gyara, da siton da aka ajiye. Kowane buhu a sa masa lamba. Ka buɗe asusun banki da sunan kasuwancin, ka riƙa ɗibar abin da za ka ci da iyali sau ɗaya a wata. Ka yi rajista da CAC, in ka tashi fitar da kaya ka je NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, da ƙafarka. Maganin ƙwari kuwa kada ya sake shiga sitonka. Ka kai samfur ɗakin gwaji ko sau biyu ne a kakar, ka adana sakamakon. Duk wannan ba zai ci maka kwatan abin da ɗan baffanka ya nema ba.

In ka yi kaka biyu a haka, ka ɗauki littafin ka je wajen masu fitar da kaya kai tsaye, ka nemi ƙaramar oda, ko tan 20 ce, ka cika ta a ranar da ka yi alkawari. Maganar inji sai bayan nan.

Shi kuma ɗan baffan naka, kada ka ɓata zumunci. Ka ce masa ya turo maka sunan kamfanin da wasiƙarsu a rubuce, za ka kai ofishin JETRO, hukumar kasuwancin Japan da ke Legas, a tabbatar maka, kuma ladansa sai ranar da aka sa hannu.