Hantar kifi ta koɗe bayan feshi: kar a zuba antibayotik

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce tun da aka yi feshin maganin ƙwari kusa da tafkinka kifaye suka daina cin abinci, ka feɗe biyu ka tarar hantarsu ta koɗe, shi ne kake tambaya ko ka zuba antibayotik. Don Allah kar ka zuba. Antibayotik ƙwayoyin cuta yake kashewa, guba kuwa ba ƙwayar cuta ba ce, kuma hantar da ta riga ta jigata ita za ka ƙara wa nauyi.

Ni ma ya taɓa faruwa da ni. Yaron da ke taya ni aiki ya wanke famfon feshi a bakin magudanar da ruwa ke shigo mini, da sauran maganin ƙwari mai suna saifametirin a ciki. Wannan magani kaɗan ya isa ya kashe kifi, don jikinsa ba ya iya narkar da shi da wuri. Washegari na tarar suna juyi kamar masu maye. Lafiyayyar hanta ja ce mai duhu, da ɗan tauri. Tasu kuwa ta yi rawaya-rawaya, ta kumbura, yatsa na taɓa ta sai ta dagargaje. Har yau ina jin zafin ranar.

Waɗanda suka rayu ma ba su tsira ba, jininsu ne ya tona. Akwai sinadarai biyu, ALT da AST, da ke zaune cikin ƙwayoyin hanta. In ƙwayoyin suka fashe sai su malalo cikin jini, awonsu ya hau. Sukari ma yakan hau saboda wahala. Furotin ya sauka, tunda hanta ce ke ƙera yawancinsa. Jajayen ƙwayoyin jini su ragu, shi ya sa in ka ɗaga murfin da ke gefen kan kifin za ka ga wurin numfashin ya yi fari-fari.

Sai dai ka duba abincinsu ma, don abinci mai fumfuna na iya ɗaukar wata guba mai suna aflatoksin, ita ma hanta take ci. In kuma launin jinin ya koma ruwan ƙasa, wannan naitirait ne, wani sinadari da ke taruwa a ruwa daga kashin kifi, gishiri yana taimakawa.

Yanzu ka toshe duk hanyar da ruwa ke shigowa tafkinka daga wurin feshin, ka canza ruwan daga wani tushe mai tsabta, ka ƙara musu iska, ka dakatar da abinci na kwana biyu. Ka ɗebi ruwan a kwalba tun kafin ka canza, ka haɗa da kifi mai rai ka kai ɗakin gwaji, don jinin matacce ba ya ba da sakamako na gaskiya. Kuma kar ka sayar wa kowa su ci sai sakamako ya fito.