Tarakta na ɗaga baya in na cika bokiti, ruwa a taya ya isa?

Tambaya: Salam malam. Ina da ƙaramar tarakta mai loda a gaba, ina ɗiban yashi da taki da ita a Dadin Kowa. In na cika bokiti sai tayoyin baya su dinga sulɓi kamar za su bar ƙasa. Wani ya ce in ɗura musu ruwa, ya isa?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Alhaji don Allah dakata da yashin nan tukuna, domin yawancin ƙananan taraktoci birkinsu a tayoyin baya yake, in baya ya yi sakayau ka taka birki a gangaren bakin kogi ba abin da zai riƙe ka, ga shi gaban nata lilo yake yi hagu da dama, ba ya hana kifewa.

Ruwan yana taimakawa, lita 1 kilo 1 ne. A juya taya bawul ya koma sama, a ɗura har ya kai bawul ɗin, wajen kashi 75 cikin 100 ke nan, sauran iska. Gishirin da Turawa ke zubawa don kar ruwa ya daskare mu ba ruwanmu da shi, tsatsa kawai zai ja wa rim. Amma ruwan danne baya kawai yake yi, ba ya rage wa gaba wahala ko kaɗan.

Abin da ke sauke wa gaba kaya shi ne nauyin da ka rataya can baya, a hannuwa ukun da ake ɗaura garma, don ya wuce tayoyin baya sai ya zama kamar sikeli. Mai walda zai haɗa maka akwatin ƙarfe ka cika da kankare, ko duro mai lita 200, in ya cika da kankare yana kai wajen kilo 480, kuma ƙarfen da za a rataye shi da shi ya zama mai kauri ba guntun rodi ba. In kana da haro mai nauyi shi ma ya yi, sai dai tsawonsa na damu wajen kwana. Yawan kilon kuwa duba littafin lodar, kowace da nata, kar ka wuce abin da hannuwan za su iya ɗagawa.

Yaran da ke ɗarewa baya wai su ƙara nauyi, wallahi a hana su.

Kuma ko ka yi duk wannan, bokiti ƙasa-ƙasa in kana tafiya, jiƙaƙƙen yashi kar ka cika maƙil, in za ka sauko gangara da kaya ka sauko da baya a ƙaramar giya.