Tambaya da Amsa: Me shanun Kanada ke ci idan ƙanƙara ta rufe ciyawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana ya nuna mini bidiyo a waya, shanu a Kanada suna tsaye cikin dusar ƙanƙara, ko tsinke ba a gani a ƙasa, amma ga su ɓul-ɓul. Mu nan da hunturu ya wuce sai namu su fara zubewa. Me suke ba su? Daga mai kiwo a Gwadabawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Busasshiyar ciyawa ce, wadda aka yanka tun watanni kafin sanyi ya sauko.

Su ma sai da suka sha wuya. A da sakin shanu suke yi a daji duk shekara. A sanyin 1886 zuwa 1887 ƙanƙara ta binne ciyawa a Montana, Wyoming da Dakota na Amurka, garkuna suka ƙare, masu kiwo da yawa suka tsiyace. Daga nan ne tanadin ciyawa ya zama dole.

Yanzu a Alberta ta Kanada ko Montana, daga Yuni zuwa Agusta ake yankan ciyawa da alfalfa, wadda dangin wake ce, a shanya, inji ya naɗe ta dami-dami, ɗaya kan kai rabin tan. Idan sanyi ya kama, kullum da safe mai gona zai ɗauki dami da tarakta ya warware shi a kan ƙanƙara, shanu su jeru suna ci. Saniya mai kilo 500 takan ci kusan kilo 12 a yini, kuma ranar da sanyi ya tsananta ana ƙara mata, domin tumbinta kamar murhu ne, narka ciyawar nan ke ɗumama jikinta. Ruwa kuwa daskarewa yake yi, sai an fasa shi da gatari ko an sa kwami mai ɗumama ruwa da lantarki. Irin shanunsu ma, Angus da Hereford, gashinsu na kauri lokacin sanyi.

Namu Gudali da Rahaji ba sanyi ke kada su ba, tsawon rani ne, tun daga kaka har ruwa ya sauka wajen Yuni. Abin da ke damuna shi ne muna da abincin, muna barinsa ya lalace. Kyasuwa da gamba, a yanke su ƙarshen damina suna kore kafin su yi kai; in sun bushe a tsaye, sai kara kawai. Harawar wake da ta gyaɗa kuma, dubi yadda muke ɗora ta kan soro ko reshen itace, rana da iskar hunturu su mai da ita fara fat, ganyen ya kakkaɓe. Amfanin a ganyen yake. Ka yi mata rumfa, ka ɗaga ta daga ƙasa saboda gara. Masu cinna wa daji wuta don neman gafiya kuwa, Allah ya shirye su, abincin garke guda suke ƙonawa a dare ɗaya.

Karan dawa ka sassara shi ƙanana, ka yayyafa ruwan kanwa ko gishiri, ka haɗa da dusa ko kowar wake ko angurya. 'Ya'yan gawo ma a tsince su a ajiye. Idan abincin ya yi kaɗan, masu ciki da masu shayarwa ne farko.

Sannan ka ƙidaya daminka da shanunka tun kaka. In ka ga ba za su kai ka damina ba, fitar da ɗaya ko biyu zuwa Achida ko Illela suna da nama a jiki, ka sayi dusa tana da araha. Maruƙa kuma ka kafa musu zana ta gabas da arewa, inda iskar hunturu ke bugowa da dare.